Ƙarfen Ƙugun Yaya Mamman

Mutum na farko da ya yi muna Hausa a ƙasar Indiya shi ne ya cuce mu. Wani Bakano ne, Alhaji Sabo sunansa, ko in ce sunan da ya ba mu ke nan. Ya tarbe mu a bakin filin jirgin Delhi cikin farar shadda, ya duƙa gaban keken da nake tura wana a kai, ya ce, "Sannunku da hanya, baƙin Sakkwato." Sai da hawaye ya cika mini ido. Tun da munka sauka ban ji kalma ɗaya da na gane ba.

Ni Garba ne, maƙeri ɗan maƙeri a garin Wurno. Wana, Yaya Mamman, shi ke zama gaban uwar maƙera tun da Baba ya rasu. Shi ke dukan ƙarfe, ni ke gamawa: in wasa baki, in bi da magagari, in goge da dutse, in shafa mai. Baba bai taɓa yarda ƙarfe ya bar maƙerarmu da kaushi ba. Ko kalme ne, irin fartanyar noman nan, na manomin Dinawa wanda gobe zai shiga laka, sai ya yi santsi, an shafa masa mai, an yi bisimilla an tofa, sannan a miƙa wa mai shi. Da wannan hannuna ya tashi.

Babur ne ya kada Yaya a hanyar dawowa daga kasuwar Rabah, ƙashin ƙugunsa na dama ya karye daidai mahaɗa. Anka sa masa ƙarfe a wani asibiti a gida. Ya yi tafiya da shi damina ɗaya, sai wurin ya kumbura, ya fashe, ya riƙa zubar da mugunya. Likitoci sunka ce ko dai a cire wancan ƙarfe a sa wani, ko ciwon ya ci ƙafar, ya biyo jini. Munka sayar da gonar fadama da shanun da ke hannun Fulaninmu a Boyekai. Abin da ya kai mu Delhi ke nan.

Alhaji Sabo ya kai mu wani gida mai hawa-hawa, ɗakinmu can sama, matakala ƙunci kamar bakin rijiya. A bayana nake goya Yaya in hau, in sauka. Ya kai mu wani babban asibiti sau ɗaya, likita ya duba hoto, sunka yi Turanci, sannan ya ce mu ba shi abin da munka zo da shi ya ajiye a wurin biya, don a sa mu layi. Na ba shi da hannuna biyu, har ina godiya. Kwana ya bi kwana, wayarsa ta daina shiga. Da na koma asibitin, na nuna hotonsa a waya, kowa ya girgiza kai. Su kuma girgiza kansu ba ka sanin i ne ko a'a.

Na dawo na zauna a ƙasa. Yaya ya dube ni daga katifa.

"Bakanon ya tahi ko?"

"Ya tahi, Yaya."

"To. Tun ranar da ni ga takalmin nan nashi mai tsini ni san ba mu kwana lahiya. Tashi ka juya ni, bayana ya mutu."

Haka yake. Ko ranar da anka kai Baba makwancinsa sai da ya sa mutane dariya a wurin zaman makoki. Amma da na juya shi na ga zanen gadon ya jiƙe, warin ya cika ɗakin, na san dariyarsa ba ta tsayar da komai.

Mai gidan ya yi muna haƙuri iyakar haƙurinsa, sannan ya fitar da jakunkunanmu bakin matakala. Munka koma barandar wani ƙaramin masallaci. Akwai wani mai shayi a gefe, siriri kamar kara, wanda kullum da safe yake aje muna kofi biyu na ƙasa ya juya baya, kamar ba shi ya aje ba. Ban taɓa sanin sunansa ba. Ni kuwa kullum sai in koma asibitin nan in tsaya a bakin ƙofa, wai ko Sabo zai ɓullo. A lokacin ban iya karatun boko ba, yanzu ne nake koya a ajin manya da yamma. Duk rubutun da ke bangon nan, a idona, zanen tabarma ne.

Wata rana ina tsaye ina magana ni kaɗai, ina cewa, "Ya Allah, mi munka yi?" sai na ji muryar mace a bayana.

"Malam, wannan 'mi' ɗin na ina ne? Wurno ko Goronyo?"

Sista Rahila ke nan, ma'aikaciyar jinya, Kirista ce 'yar Zuru. Ta yi shekaru tana aiki a asibitin Goronyo, har ta ce ta san tafarnuwarmu fiye da yadda ta san dangin mijinta. An turo ta ƙaro karatu a wani birni da ake kira Ahmadabad, ta shigo Delhi ne kan takardunta. Ta bi ni har barandar masallaci, ta tsaya daga waje, na ɗaga mata zanen ta ga ciwon. Ba ta toshe hanci ba.

Ta ce wa Yaya, "Baba, ka daɗe haka?"

"Ɗiyata, ni da ƙarhen nan mun daɗe muna gaba. Na sha dukan 'yan uwanshi, shi ko ya samu shiga cikina yana ramawa."

Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba. Ta ce asibitin da take karatu na taimako ne, akwai likitan ƙashi da ba ya korar mutum. Ita ta yanka muna tikitin jirgin ƙasa.

Tafiyar jirgin nan ba na son tuna ta. Ba mu samu wurin kwanciya ba, sai na shimfiɗa Yaya a ƙasa kusa da ƙofar bayan gida, na zauna na tokare shi da gwiwa don kada girgiza ta motsa ƙugun. Duk da haka ta motsa. Ya ciji hular kansa har ta huje. Mutane suna tsallake mu, wasu suna rufe hanci da gyale. Wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi ta buɗe kwanonta, ta ba mu gurasa da wake mai yaji, ta tsaya a kanmu har sai da Yaya ya ci. Ta taga ina ganin gonakin shinkafa da ruwa kwance a ciki, sak fadamar Wurno, ita kanta wadda na sayar. Na daina kallon taga.

A Ahmadabad likitan ya karɓe mu. Ya shiga da Yaya, ya cire tsohon ƙarfen, ya fito da shi cikin wani kwanon silba ya nuna mini. Ni maƙeri ne, na san ƙarfe, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ya yi baƙi, jikinsa duk ramuka, ya yi kaushi kamar icen da gara ta ci. Na taɓa shi da ɗan yatsa ya kama fatata. Na ce a raina: wannan kaushin ne ya yi shekara yana yankan ɗan'uwana daga ciki.

Sista Rahila ta fassara mini sauran. An cusa wani siminti mai magani a wurin, sai ciwon ya mutu kafin a sa sabo. Amma ƙashin cinyar ya cinye sosai, ƙarfen da ake sa wa kowa ba zai zauna ba, sai an ƙera nasa shi kaɗai, a kan awon hotonsa. Aikin likita kyauta ne, gado kyauta ne. Ƙarfe ba kyauta ba ne.

Na ce, "Sista, gaya mai ba mu da komi. Amma in ana ƙira a garin nan, ni maƙeri na."

Likitan ya yi murmushi, ya ɗauki waya. Kashegari anka kai ni wani kamfani a bayan gari, inda ake ƙera irin waɗannan ƙarafa. Mai kamfanin Musulmi ne, dattijo mai jan gemu. Bai tambaye ni komai ba, hannuwana ya kama ya juya su, ya dubi kanta da tabon wuta. Ya ce in yi masa aiki a ɓoye, tunda takardata ta jinya ce ba ta aiki ba, shi kuma zai ƙera wa Yaya ƙarfensa.

Maƙera ce, amma ba gawayi, ba zugazugi, ba masaba. Ƙarfen nasu fari-fari ne, ba nauyi, suna kiransa taitaniyam, akwai kuma wani mai nauyi da suke yin kan mahaɗa da shi. Inji ne ke sassaƙa su cikin akwatin gilashi, ruwa kamar nono yana zuba a kai. Daga nan kowane yanki ya bi hanyarsa. Akwai ɗakin da ake fesa musu yashi da iska mai ƙarfi. Akwai tukwanen ruwan asid da ake tsoma su don kada su yi tsatsa a jikin mutum. Akwai wani ruwa da ke kuka kamar sauro, yana fitar da dattin da ido bai gani. Ƙananan kusoshi kuwa, in an tsoma su an ba su lantarki, sai su fito shuɗi ko ruwan zinari ba tare da fenti ba. Na tsaya baki buɗe ranar da na fara gani. A ƙarshe akwai farin ɗaki, ba mai shiga sai ya rufe kai da baki da ƙafa, mu sai dai mu leƙa ta gilashi.

Ni an aje ni wurin gugar kan mahaɗa, ƙwallon da ke juyawa cikin ƙugu. Shugaban sashen wani tsoho ne mai suna Naran, ba Musulmi ba ne, ba ya cin nama, yana da tabarau ɗaure da zare. Ba mu da yare ɗaya, amma hannu ya san hannu. Ya nuna mini faifan guga, daga mai kaushi zuwa na tsumma, da sabulun da ake shafa musu. Sai ƙwallo ya zama madubi, ka ga fuskarka ta kumbura a ciki, sannan ya ɗaga shi ga fitila ya juya. In ya ga ƙarce ko da na gashi ne, ya dawo maka da shi. Kafin wata ya ƙare ya daina dawo mini da nawa. Yakan buga kafaɗata ya ce wata kalma da nake jin yabo ce. A raina na ce, ashe ƙa'idar Baba ta kai har nan: ƙarfen da zai taɓa mutum ba ya fita da kaushi.

Kusurwata kawai na sani. Ɗakin yashin nan na ɗauka wanki ne na farko kafin a kawo guga. Ban tambaya ba, kuma da wane baki zan tambaya?

Da yamma in koma asibiti in wanke Yaya, in shafa masa man kaɗe a baya don kada kwanciya ta huda shi. Matarsa Hajo ce ta cusa mini shi a jaka cikin gwangwanin madara. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. In Hajo ta bugo waya sai ya gyara murya.

"Lahiya lau nike, Hajo. Shinkahwa nika ci kullum awa ɗan sarki. Mi? Mutanen Magarya sun zo biɗar kalme? Ki ce su yi haƙuri, ruwan bana na jira na."

In ya kashe wayar sai ya daɗe yana kallon fankar sama.

Takardar zamanmu ta ƙare, Sista Rahila ta kai ni ofishin baƙi anka ƙara muna. Da munka fito ta tsaya ta dube ni.

"Malam Garba, ka ji da kyau. Sun ce wannan ne na ƙarshe. In ya cika, ko Baba Mamman yana kan teburin aiki ne, sai kun fita."

Ciwon ya mutu. Likita ya sa ranar aiki, ta faɗo kusa da ƙarshen takardar, da ɗan abin da zai ishi Yaya ya warke ya hau jirgi. Babu sarari ko na kuskure ɗaya, kuma na san haka.

Ana saura 'yan kwanaki, da hantsi, Naran ya yafuto ni da murna. Ya kai ni wani tebur, ya buɗe farantin da anka rufe, ya nuna mini, ya nuna ƙugunsa, ya nuna hanyar asibiti. Na gane. Ƙarfen Yaya ne. Dogo ne, ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa wuya, yana da lanƙwasa a sama. Wuyansa yana ƙyalli. Amma duk jikin da zai shiga cikin ƙashi toka-toka ne, ya yi kaushi kamar dutsen niƙa sabon sassaƙa.

Kwanon silban nan ya dawo mini a ido. Na nuna wa Naran wurin, na yi alamar guga da hannu. Ya kaɗa yatsa, ya ce a'a, a'a, ya rufe farantin, ya nuna ƙofar da ke kaiwa wajen farin ɗaki. Wato an gama da shi ke nan, haka zai tafi.

Na koma wurina. Abin da zuciyata ta gaya mini shi ne: na masu kuɗi ake gogewa har ya zama madubi, namu na sadaka ne, shi ya sa za a tura shi rabin aiki. Sabo ya riga ya koya mini cewa mai yi maka murmushi yana iya barinka a baranda. Na tuna Sista, amma ranar tana jarrabawa, wayarta a kashe. Na ce to, ni da na goge wa baƙi nasu, in bar na ɗan'uwana ya shiga jikinsa haka?

Da azahar kowa ya fita cin abinci ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Na ɗauko ƙarfen na kai shi kan faifaina. Ya yi taurin kai, kaushin ya shiga ƙwarai, sai da na fara da faifai mafi ci. Na bi shi a hankali, gefe da gefe, yadda ban taɓa bin wani ƙarfe ba a rayuwata. Toka-tokar ta tafi, haske ya fito. Na gama da na tsumma. Na ciro gwangwanin Hajo daga aljihu na shafe shi da man kaɗe tun daga wuya har tsini. Na yi bisimilla, na karanta abin da Baba ke karantawa, na tofa. Na mayar da shi farantinsa. Tun da na baro gida ban ji sanyi a raina irin na wannan lokacin ba.

Naran ya dawo yana sakace. Ya ɗaga murfin. Wani sauti ya fito daga bakinsa, irin na wanda anka taka wa ciki. Ya cire tabarau ya mayar. Ya dube ni, na yi murmushi, na nuna ƙirjina. Sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya ɗora hannu biyu a ka.

Mai kamfanin ya zo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya auna ƙarfen da ma'auni wuri-wuri, ya shinshina shi, ya aje. Anka jira har Sista Rahila ta buɗe waya. Ta saurare shi, sannan ya miƙo mini wayar.

"Malam Garba, mi ka yi?" in ji ta. "Kaushin nan da gangan anka yi shi. Don shi ake fesa yashi. Saura a fesa masa wani farin gari da wuta, irin abin da ƙashi ke so, sai ƙashin Baba Mamman ya tsiro ya shiga cikin ramukan ya riƙe shi. Ƙwallo ne ke son santsi, don yana juyawa. Wannan zama zai yi."

Na ce, "To a sake fesa mai yashin."

Ta tambaya. Na ji amsar a fuskar dattijon kafin ta faɗa. Na cinye jikin ƙarfen, ya sirance, in an sake fesawa zai ƙara sirancewa, zai riƙa rawa cikin ƙashi. Ga mai ya shiga. Ba likitan da zai sa shi a jikin mutum. Sabon ƙarfe kuwa, sai an yi odar sandar ƙarfe mai wannan kauri, a bi layin inji, a sake bin duk ɗakunan nan. Takardarmu ba za ta kai ba.

Na faɗi na kama ƙafar mai kamfanin. Ya janye ta a hankali. Ya naɗe ƙarfen a jarida ya miƙo mini, ya nuna ƙofa. Naran ya biyo ni har bakin titi, ya cusa mini kwanon abincinsa na yamma a hannu, ya juya da sauri.

Ban tafi asibiti kai tsaye ba. Kashegari da sassafe na je ofishin baƙi ni da Sista, munka yi layi har rana ta take. Ta yi magana, ta nuna hoton ƙashi, ta yi kuka. Ma'aikacin ofishin bai ɗago kai sosai ba. Likita ma ya buga waya inda zai buga. A ƙarshe ya zaunar da mu ya ce abu ɗaya ya rage: ya cire simintin, ya rufe wurin ba mahaɗa. Ciwon ba zai dawo ba, ƙafar za ta tsira. Amma za ta gajarce, kuma ba za ta ƙara ɗaukar Yaya ita kaɗai ba har abada.

Na ce kada kowa ya gaya masa, ni zan gaya masa.

Na same shi an jingina shi da filo, yana ɓare lemo. Na zauna a bakin gado, na warware jaridar, na aza ƙarfen a cinyarsa. Na faɗa masa duka, tun daga farantin har ofishin baƙi. Bai katse ni ba. Ya goge hannunsa a zane, ya ɗauki ƙarfen, ya auna nauyinsa a tafi, ya ɗaga shi ga hasken taga ya rufe ido ɗaya, yadda yake duba bakin lauje.

"Kai ka yi wanga?"

"Ni na, Yaya."

"Ya yi kyau. Da Baba ya gani ba shi maido ma da shi."

Na kasa ɗaga kai. Ya bi jikin ƙarfen da babban yatsa har tsini.

"Nan ne ke shiga cikin ƙashi?"

"Nan ne."

"Garba." Ya ɗago ya dube ni. "Tun kana yaro kake zaune dama gare ni. Ka taɓa ganin na ba ka wutsiyar kalme ka goge?"

Sai na ga abin a idona, kamar ina maƙera. In ya gama kalme, wutsiyar da za ta shiga ƙota yakan sassare ta da kurfi, ya bar ta da haƙora, don ice ya cije ta. Ni baki kawai yake miƙo mini. Dubban kalme sun wuce ta hannuna, kullum wutsiyar tana cikin tafina ina riƙe da ita, tana cin fatata, ban taɓa tambayar dalili ba.

Na ce, "Yaya, ka yahe mani."

"Kira likita," ya ce. "Gida nika so." Ya juya fuska bango, da ƙarfen a hannunsa. Lemon nan a kan gado ya bushe.

Anka yi aikin. Sista Rahila ta raka mu har jirgi, ta ce in mun isa mu gaishe mata da Goronyo. A wurin bincike injinsu ya ga ƙarfen cikin jaka, ma'aikacin ya ciro shi yana tambaya. Yaya ya ce, "Sista, gaya mai ƙuguna na. Na kowa na jikinshi, nau na cikin jikka." Ta fassara, mutumin bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Ya mayar muna da shi.

Mun tarar damina ta yi nisa, mutanen Magarya sun sayi kalmensu a wani wuri. Ƙafar Yaya ta gajarce da faɗin yatsu huɗu, baduku ya ƙara masa tayar mota a takalmi ɗaya. Ƙira a zaune ake yi, don haka ya koma gaban uwar maƙera da ƙafa a miƙe. Amma masallaci, da bayan gida, da ƙofar gida, duk sai a kafaɗata. Bai gaya wa kowa abin da ya faru ba, ko Hajo. In an tambaya sai ya ce ƙarfen Indiya bai karɓe shi ba. Yana magana da ni kan gawayi da kan aiki. Tsokanar ce ta ɗauke. Na gwammace ya zage ni a tsakiyar kasuwa.

Wata safiya bayan kaka na shigo maƙera na tarar ya sa an kawo masa sandar ƙirya mai kauri, ya riga ya huda kanta da ƙarfe mai wuta, hayaƙi yana fita. Ƙarfen Indiya yana gefensa. Sai lokacin na lura lanƙwasar nan ta sama daidai take da tafin hannu.

Ya turo mini shi da ƙafarsa mai lafiya, ya jefo magagari.

"Ƙarce shi."

Na ɗauka. Fuskata tana cikinsa, doguwa, a karkace. Na aza magagari na ja. Ƙarfen nan ba ya jin magagari da sauƙi, sai da na kai azahar ina cinsa, ina yi masa haƙora tun daga tsini har kusa da wuya, har fuskata ta ɓace daga jikinsa. Wuyan da lanƙwasar ya ce in bar su da santsinsu. Ya karɓa ya shafa, ya kama masa yatsa. Ya cusa shi cikin ramin sandar, ya bi da masaba a hankali, ya ɗaure bakin da zoben ƙarfe. Ya murɗa da ƙarfinsa duka, bai motsa ba.

Na miƙa masa kafaɗa yadda na saba. Ya ture ta. Ya dafa sandar, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa sunka tashi, ya miƙe. Ya taka ɗaya, tayar takalmin ta ja ƙasa. Ya taka na biyu. Ina bayansa hannuwana a buɗe, har ya kai bakin ƙofa ya tsaya cikin rana yana haki.

Bai waiwayo ba ya ce, "Ya kama. To mai goge-goge, tsaye za ka yi kana kallo na, ko ko za ka hura wutar nan?"